Bakin Mai Ciwo

Da can, in Malama tana koyar da 'yan aji uku, har maigadin bakin ƙofa sai ya haddace darasin. Amma tun zangon da ya wuce muryar ta mutu. Barci ya ƙaurace mata, abinci ba ɗanɗano, alli ma nauyi yake mata. Shugaban makaranta ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce in an dawo hutu ba ta dawo ba, dole ya ba wata ajin. Ajin nan kuwa shi ne ranta.

Yayarta ce ta ɗauki gabarar nema mata magani. Yaya mutuniyar kirki ce, ita ta raine ta, sai dai fa baki! In ka tambaye ta ya gida, sai ka ji labarin unguwa kaf.

Suka fara da wani babban likita, abokin mijin Yaya. Yana tambayar me ke damun Malama, Yaya ta karɓe. Ta ce gajiya ce da rashin cin abinci, kuma tun tana ƙarama haka take da zurfin ciki. Likita na gyaɗa kai yana rubutu, ya sallame su da maganin ƙarin jini. A asibiti na biyu ma haka aka yi, sai dai can akwai sanyin na'ura da kujeru masu taushi. Malama ta shiga ta fito, ko tari ba ta yi ba.

Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta shawarar ganin likitar ƙwaƙwalwa. Yaya ta yi tsalle ta dire, wai so ake a ce ƙanwarta ta haukace. Da ƙyar ta yarda, ta bi ta tana sunne kai kada a gane su.

Ɗakin ƙarami ne, fanka na ta ƙara. Likitar ta yi tambaya, Yaya ta buɗe baki kamar kullum.

"Yaya, zan ji naki," in ji likitar. "Amma bari in fara ji daga bakin mai ciwon."

Ta juyo da kujerarta, ta jira. Yaya ta fara mutsu-mutsu, likitar ko a jikinta. Can Malama ta ce, a hankali, gani take yaran nan sun fi dacewa da wata, ita ba ta da amfanin komai. Sai kuka. Ta yi ta magana, abin da ta daɗe tana haɗiyewa duk ya fito.

Likitar ta ce mata wannan ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ta bayyana cewa maganin ba ya aiki dare ɗaya, za su riƙa zama suna tattaunawa, in kuma ba ta gamsu da ita ba tana da damar neman wani.

Suna fita Yaya ta hau faɗa. Wai yarinyar likitar nan ba ta da ladabi, gobe-gobe za su koma wurin babban likita.

"A'a, Yaya," in ji Malama. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan nake so."

Yaya ta tsaya tana kallonta baki sake. Tunda take, ƙanwar nan ba ta taɓa ce mata a'a ba.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai ranakun da tashi daga gado ma yaƙi ne, amma Malama ba ta fasa zuwa wurin likitar ba, ita kaɗai.

Bayan an dawo hutu, wata safiya Yaya ta biyo ta makaranta da makullin gida da ta manta. Tun daga bakin ƙofa ta jiyo muryar, tana tashi daga aji uku, yara na amsawa. Maigadi ya gaishe ta, ya tambaye ta ya gida.

Yaya ta ɗaga masa hannu, hawaye na zuba. "Yi shiru, malam," ta ce. "Ƙanwata na magana."