Tsumman da Ya Fito Shuɗi

Labarin ya riga Mahamud isowa Damagaram. An ce ayarin kamiyo, manyan motocin kaya, da ya yi wa rakiya ya tsaya a wata rijiya bayan Tanut. Aka ji motsi bayan tudu, masu rakiya suka ɗauka ƴan fashi ne, aka buɗe wuta. Da wurin ya yi shiru sai aka tarar da mutum guda kwance, makiyayi ne mai rawanin shuni, igiyar guga a hannunsa. Jandarma sun yi tambaya, kowa ya ce ba shi ba ne, aka sallame su.

Sarjan Bukar ya ji wannan a ƙofar masallaci. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, jikan maharba, mutum ne da ba ya maimaita magana. Mahamud ɗansa ne. Bindigar da ya tafi da ita ma ta Bukar ce, kuma kafin ya miƙa masa ita sai da ya wanke cikinta fes da hannunsa.

Da hantsi Mahamud ya yi sallama a zaure, ya durƙusa, ya ajiye bindigar a kan tabarma. Ya rame. Bukar ya dubi bindigar kafin ya dubi ɗansa.

"Ka harba?"

"Ban harba ba, Baba."

"Harsasan fa?"

"Na mai kamiyo ne. Daga buhu ɗaya muke ɗiba, can aka mayar."

Bukar ya leƙa bututun. Mai ne shafe a ciki, yadda ya koya masa ya riƙa yi kullum. Mai yana share baƙin albarushi, don haka ido ba zai faɗa masa komai ba.

A gidansu akwai doka tun kakannin da suka zo daga Barno. Wanda bindigarsa ta ci ɗan Adam ba ya sa hannu a akushi ɗaya da mutanen gida, ba ya kwana a ciki. Malamai ba su san da ita ba, gwamnati ba ta san da ita ba. Su dai sun sani.

"Za ka zauna a zaure," in ji Bukar, "sai na tambayi bindiga."

Ya san yadda ake tambayarta. Harsashin irin wannan bindiga rigar jan ƙarfe gare shi, kowane ya wuce sai ya goga kaɗan a jikin bututu. Mai ba ya fitar da wannan, kananzir ba ya fitarwa. Sai ruwan magani. In ruwan ya sami jan ƙarfe ya ci, tsumma yakan fito shuɗi. In babu, ya fito fari. Sai dai ruwan da Bukar ya saba da shi tun bariki, mai warin fitsarin raƙumi, ya ƙare a wankin da ya yi mata kafin tafiya.

Ya aika wa Ɗanƙarami. Bafulatani ne, tare suka yi aikin daji, yanzu yana sayar da kayan maharba kusa da kasuwar Dole. Washegari ya zo da ƴar kwalba a aljihu.

"Bawana, tashi ka karɓi ubangidanka."

"Bafulatani ya ga inuwa ya fara sarauta. Kawo."

Bukar ya buɗe kwalbar, ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Ruwan randa ka zubo mini."

"Na zamani ke nan, Babarbare. Ba ya wari, ba ya sa hawaye, ba ya cin ƙarfen bindiga. Ku dai in abu bai yi ɗoyi ba, ba ku yarda magani ne. Ka jiƙa tsumma, ka tura, ka bar shi ciki gwargwadon shan shayi."

Ɗanƙarami ya hango Mahamud zaune a kusurwar zaure da kwanonsa shi kaɗai. Wasan ya fita daga bakinsa. Ya rage murya.

"Sarjan, yaron ya ce bai yi ba."

"Na ji shi."

"To?"

"Ka gaida gida."

Bukar ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar tsakar gida. Ya yayyaga farin ƙyalle ƙanana. Tsohuwar sandar wanki ta bariki, wadda Mahamud ya tafi da ita, ta ɓace a hargitsin rijiya, sai ya ɗauko sabuwa da wani maƙerin Mirriya ya ƙera masa, mai kan tagulla. Ya naɗa tsumma a kan, ya jiƙa, ya yi bisimilla, ya tura. Ya jira. Ya jawo.

Shuɗi ne. Ba kaɗan ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa wani, don kada a ce ya yi gaggawa. Shi ma haka. Ya ɗauki biyun ya kai zaure, ya ajiye a gaban ɗansa.

"Fara na ba ka ita."

Mahamud ya ɗauki tsumma ɗaya, ya juya shi a tafin hannu. Can ya ce, "To, Baba." Kafin la'asar ya naɗe tabarmarsa ya fita. Aka ce ya sami ɗaki a unguwar Kara-Kara, yana ɗaukar bulo a wurin masu gini.

Bintu, uwarsa, ba ta yi kuka a gaban mijinta ba. Ta kawo masa tuwo, ta ajiye da ƙarfi.

"Sarjan, ɗan da na haifa ya ce a'a, tsumma ya ce i, ka bi tsumma."

"Tsumma ba ya tsoron jandarma."

"Kai ma ba ka tsoron kowa. Ci tuwonka."

Abin da ya rage shi ne a wanke bindigar ta koma fara, a rataye ta. Bukar ya ɗauka aikin yini guda ne. Ya tura tsumma, ya fito shuɗi. Ya tura wani. Rana ta faɗi, gari ya waye, ya koma gindin tsamiya. A iya saninsa, ko bindigar da ta yi shekara tana aiki takan gaji ta ba da fari. Wannan ba ta gaji ba. Kwana ya bi kwana, ƙyallen ya ƙare, ya yaga tsohuwar rigarsa. Tsummokin suka taru a cikin ƙwarya, iska ta watsa wasu a tsakar gida.

Bintu ce ta faɗi abin da yake gudu. Ta tsinci ɗaya tana shara, ta ɗaga.

"Kamar an yago daga rawani."

"Ajiye."

Daga ranar bai ƙara ganin tsumma ba, sai rawani. Shuɗin ya kama yatsunsa, ya shiga ƙarƙashin farce, alwala ba ta fitar da shi duka. Haka shuni ke kama fuskar masu naɗa shi. Da tsakar rana, lokacin da duwatsun unguwarsu ta Birni ke huci, ko'ina ya yi tsit, sai ya ji kamar akwai mai tsayuwa a bayan tsamiya. Ba ya motsi, ba ya magana. Jira kawai yake yi, irin jiran mai dabbobi a bakin rijiya. Bukar ya yi shekaru a daji, ya kwana kusa da kura, bai taɓa jin bayansa ya yi sanyi ba sai yanzu. Bai waiwaya ba. Yakan ce a ransa, ga shi ina fitar da kai, ka yi haƙuri. Ya jawo sanda, mutumin ya sake fitowa a kan tsumma.

Da ruwan yana wari da ya fi masa sauƙi. Wari yakan cika wuri, ya nuna aiki ake yi. Wannan shiru yake ci.

Wata rana ya naɗa tsumma, ya jiƙa, sai aka kira azahar. Ya jingina sandar a bango yadda take, bai tura ba, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya.

Tsumman ya yi shuɗi. Bai shiga bindiga ba.

Ya kwance shi. Inda ya taɓa kan tagullar nan ne ya fi rina, tagullar kuma ta yi haske kamar an goge ta da toka. Tagulla ai jan ƙarfe ne uwarta. Ya zauna a hankali. Ya kira Bintu ta kawo masa zaren saƙa mai ƙarfi. Ya ɗaura sabon tsumma a zaren, ya jiƙa, ya zura ta bakin bindigar, ya bari ya jima, ya ja ta gindi.

Fari fat.

Bintu tana tsaye a kansa. Ta dubi farin, ta dubi ƙwaryar.

"Ke nan bai harba ba."

Bukar ya juya farin tsumman a hannunsa. Ya so ya ce i. Amma shi ba ya faɗin abin da bai gani ba.

"Ke nan sandata ce ke rini. Bindigar kuma na yi kwanaki ina wanke ta. In da wani abu a ciki, ya fita tare da na sandar."

"To na farkon fa?"

"Na farkon ma da wannan sandar na tura."

"Wa zai faɗa mana?"

"Babu."

Ya sa hularsa, ya ɗauki sandar tafiya. Tun da yake bai taɓa bin ɗa ba, ƴaƴa ke zuwa inda yake. Ya ratsa gari a ƙafa, rana na dukansa, har Kara-Kara. Ya yi tambaya, aka nuna masa wani kango. Mahamud na sauke bulo daga amalanke. Da ya ga ubansa sai ya ajiye, ya durƙusa cikin yashi.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Tashi." Bukar ya dubi bangon da ake ginawa, kamar shi ya zo dubawa. "Shuɗin nan daga sandata ya fito. Kan tagulla ne. Bindiga ba ta ce komai ba."

Ya ɗauka zai ga fuskar ta saki. Ba ta saki ba.

"Ba ta ce na harba ba?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce ban harba ba?"

"Wannan ma ba ta ce ba. Maganarka ce ta rage. Na karɓe ta. Ɗauko kayanka."

Mahamud ya goge hannu a wando, ya daɗe yana gogewa.

"Baba, ranar da na dawo na san ban harba ba. Na san shi kamar sunana. Yatsana yana kan kunamar bindigar, ƙara ta tashi ko'ina, amma na san ban ja ba. Da ka ajiye mini tsumman, na ce Baba bai taɓa kuskure a kan bindiga ba. Sai na koma rijiyar a raina. Na yi ta komawa." Ya dafa kafaɗarsa. "Yanzu ina jin yadda ta doki kafaɗata. Ban san ko tunawa nake yi ba, ko ƙirƙirowa."

Masu gini sun daina aiki suna kallo. Bukar ya dube su, suka koma ga bulonsu.

"Wadda ka faɗa a zaure ita na karɓa."

"In kuma ta yanzu ce gaskiya?"

Bukar ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Dokar kakanninsa ta san wanda ya harba, ta san wanda bai harba ba. Ba ta yi tanadin wannan ba. Shi ya wanke amsar da hannunsa, kuma ba zai bar ɗansa a kango ya biya ba.

"Uwarka ta ɗora tukunya," ya ce. "Ba na son tuwo mai sanyi."

Ya juya ya kama hanya. Bai duba ko ana bin sa ba. Ya wuce kangon, ya wuce masu sayar da itace, ya shiga lungun da babu kowa. Can ya ji takalman Mahamud a bayansa, suna jan yashi a hankali. Ya saurara da kyau, irin sauraron daji. Bayan takalman akwai wani taku, mara nauyi, na wanda ya saba doguwar tafiya.

Bukar ya rage sauri don duka su iske shi.