Jiniyar Larabar Farko

Huguette tana shagon magani tana jiran a miƙo mata ƙwayoyin mijinta, sai jiniyar gargaɗin hari ta tashi daga rufin ofishin magajin gari. Babu wanda ya ɗaga kai. Larabar farko ce ta wata, rana ta take, kowa ya san gwaji ne kamar kullum. Ita kaɗai gabanta ya faɗi. Ƙarar ba ta kaiwa ƙauyensu, shi ya sa ta manta da ita. Ta bar maganin ta fita tana jan gwiwarta mai ciwo.

A ɗakin cin abinci na otal ta bar mijin nata Fernand, kusa da taga, da kofin gahawa a gabansa. Mantuwa ta daɗe da kama shi, ko sunanta ya daina kira. Ita ta nace su kwana a wannan otal da suka zo ganin likita, domin uwarsa ta yi wankau a nan lokacin yaƙi, da sojojin Jamus suka mamaye benen sama, shi kuma yana yaro. Har yau ramukan harsashi suna jikin bangon gaba, masu otal sun ƙi shafe su saboda baƙi. Ta yi zaton zai gani ya tuna wani abu. Jiya ya dubi bangon, ya tambaye ta yaushe za a koma gida. Wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe tare, bai kai ƙarshen hunturun shekarar ba.

Ta tarar da kujerar babu kowa. Gahawa ta zube a kan tebur, sandarsa tana ƙasa.

"Madam Solange! Ina mijina?"

Mai otal ta fito da kwandon burodi a hannu. "Yanzu fa na gan shi zaune."

"Na ce ki sa masa ido!"

"Kin ce, Madam. Ido biyu gare ni, ga tebura duk sun cika."

Huguette ta fice waje. Bayan otal kogi ne, bakinsa ko shinge babu. Ta bi gefen ruwan tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Agwagi kawai ta gani, da wani mai kamun kifi da ya girgiza mata kai. Ta tsaya tana duban ruwan, sannan ta juyo.

Gaëtan, kukun otal, ya dawo daga cigiya a tashar jirgin ƙasa yana haki, tumbinsa yana sama yana ƙasa. "Na ce musu tsoho mai hula. Suka ce wanne? Rabin garin nan tsofaffi ne masu hula."

"Rufe mana baki, Gaëtan," in ji Solange. Ta ɗauki waya za ta kira jandarma.

Kukun ya shige kicin yana gunaguni. Can sai suka ji ya ɗaga murya: "Wa ya taɓa min akwatunan dankali?"

Suka bi shi kicin, suka tarar an ja akwatunan gefe. A bayansu akwai wata ƙaramar ƙofa, a buɗe, sanyi yana fitowa daga ciki. Solange ta ajiye wayar.

"Tsohuwar hanyar ma'aikata ce zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa," ta ce. "Tun zamanin kakata ba a bi ta nan ba. Baƙi ta sabuwar matakala muke kai su."

Suka sauka, Gaëtan a gaba da tocila. Suka wuce kwalaben giyar tuffa, suka wuce bangon da mutanen gari suka karce sunayensu a kwanakin ruwan bama-bamai. Can ƙurya, inda rufin ya yi baka, Fernand yana zaune a kan wani benci, ya ɗora hannu biyu a ka.

Huguette ta durƙusa ta shafa kansa, ta taɓa gwiwoyinsa, ta juya tafin hannunsa. Ƙura kawai, ko ƙwarzane babu. Yadda ya sauko wannan matakala a duhu ba sanda, ba ta sani ba. Sai a lokacin numfashinta ya dawo.

"Baiwar Allah, matso nan," ya ce. "Nan ne ginin ya fi ƙarfi." Ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe mata kai da kafaɗu.

"Fernand, gwaji ne. Tashi mu hau."

"Ba a fita sai an busa jiniya ta biyu. Mama ta hana. Mai gyaran takalmi ya fita kafin ta biyu, ba mu ƙara ganinsa ba."

"Ta biyu kuma?" in ji Gaëtan. "Ai sai watan gobe, Baba." Solange ta zungure shi da gwiwar hannu.

Huguette ta zauna kusa da shi. Rabon da ta ji ya haɗa magana mai tsawo haka, an yi watanni. Ya dube ta da kyau a hasken tocilar.

"Ke kaɗai kika sauko? Ba ki da kowa ne?"

"Ina da miji."

"To ina ya shiga ya bar ki a irin wannan rana?"

"Yana nan kusa."

"Sakarai ne," in ji Fernand. "Kada ki gaya masa na faɗa."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, ta goge da hannun kwat ɗin. Solange ta juya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

"In kama shi ta hammata mu hau da shi?" Gaëtan ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Huguette ta dubi mijinta. Ya riƙe mata hannu gam, ya kasa kunne wajen rufi.

"Bar shi," ta ce. "Me ka dafa yau?"

"Miyar albasa, da kaza."

"To sauko mana da ita nan. Ka haɗo da bargo, za mu ɗan jima."