Sunan Ɗan Fari a Layin Lilo

Baturiya ba ta zo Magarya don ta tsaya a rana ba. Gaisuwar Sallah ce ta kawo ta gidan ƙanenta daga Yekuwa, da niyyar ta ci nama, ta kwana biyu, ta koma kafin awakinta su cinye dangar maƙwabta. Kuskurenta ɗaya, ta taho da jikarta Nabila, yarinyar da in ta sa abu a rai, to ko dai a yi mata ko kowa ya rasa barci. Tun suna kan kabu-kabu Nabila ta hango wani ƙaton lilo na ƙarfe da wasu baƙi suka kafa a filin bayan tasha, mai kujeru kamar kwanduna, yana ɗaga yara sama har su wuce kan dogon yaro, ya sauko da su suna ihu. Daga nan ba wanda ya ƙara shan ruwa lafiya a gidan, sai da Baturiya ta yafa mayafi, ta ja hannunta suka fito.

Ta sayi tike, suka shiga layi tsakanin igiyoyi biyu. Layin ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya zagaye mai kankana, ya sake lanƙwasawa. Ga zafi, ga kiɗa daga wata lasifika mai shaƙaƙƙiyar murya, ga injin wutar da ke juya lilon, wanda mutanen gari ke ce wa gurup, yana tari kamar tsohon jaki. In ya yi aiki kaɗan sai ya mutu, yara su maƙale a sama suna kiran iyayensu, mai lilon ya zo da tawul a wuya yana dukansa da sifana.

"Allah wadan naka ya lalace," in ji Baturiya. Ta sauya ƙafa, ta gyara ɗaurin zane, ta sake sauya ƙafa. "Mu da muka yi lilo da igiya a reshen gawo, wa ya karɓi ko dala a hannunmu?"

"Ai Iya, zamani riga ne," in ji wata mata da ke bayanta, goye da yaro, riƙe da wani.

Sunanta Zuwaira, kuma ba sai an tambaye ta ba. Kafin layin ya matsa sau biyu Baturiya ta san unguwarsu, ta san mijinta tela ne, ta san ragon da suka yanka bana ƙashi ya fi nama yawa. Akwai mutanen da in suka ga kunne a sake sai sun zuba masa wani abu. Da ta gama da Baturiya sai ta miƙa wuya wajen mutumin da ke gabansu, wani dogo siriri da yara maza biyu, fuskarsa ta ƙone, leɓɓansa duk sun tsage.

"Malam, wannan baƙin da fatarka ta yi ba na ranar Magarya ba ne."

Mutumin ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Kin gane, Hajiya. Daga arewa nake, can gaba da Agadas, wajen ramukan zinari. Sharifu sunana, mutumin Dungas. Sallah na zo yi, na ce bari in kawo yaran nan su ga gari. Da sun sauka za mu ruga tasha, motar ƙarshe ba ta jiran kowa."

Baturiya ta daina sauya ƙafa, ta zuba masa ido.

Ɗanta na fari, uban Nabila, can ya tafi. Ya tafi yarinyar tana rarrafe, ga ta yanzu har ta fara famfara. Da farko yakan kira salular mai shagon unguwa, a aiko a ce ga shi. Daga baya kiran ya yi nisa, sannan ya yanke. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wasu suka ce ya ƙetara Libiya, wasu suka ce rami ya rufta da 'yan Damagaram, ba a san su waye ba. Matarsa ta rame, ubansa ya rasu bai ji komai ba. Ita kuwa Baturiya ba wanda ya taɓa ganin hawayenta, domin ɗan fari ne, kuma ita 'yar mutunci ce irin ta da. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa a fili ba. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi, shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya. In an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai ta ce, "Oho, ku tambayi masu shi." Matan Yekuwa har misali suke yi da kunyarta, su ce wa 'yan matan yanzu masu rungumar ɗan fari a bakin rijiya, ku je ku ga Baturiya. Mu ma bari mu taya ta riƙe sunan tukuna.

Yanzu ga wanda ya fito daga can a gabanta, har tana jin ƙamshin sabon yadin rigarsa. Ba abin da take so a duniya sai ta san yaron yana raye ko ya mutu. Kuma ba yadda za a yi a tambayi mutum a cikin dubban mutane ba tare da suna ba.

Gurup ya tashi, layi ya matsa.

Ta yi gyaran murya. "Ɗan nan, sannu da hanya. Can wajen naku, akwai mutanen ƙasar nan da yawa?"

"Kamar tururuwa, Inna. Magarya, Dungas, Kance, duk mun cika wurin."

"Akwai wani yaro na wajenmu da ya tafi."

"Wane ne?"

"Wani yaro dai. Na nan unguwarmu."

"Ya sunansa?"

Baturiya ta kau da kai. Ta sunkuya ta gyara wa Nabila ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Sai dabara ta zo mata, ta tura yarinyar gaba. "Ke, faɗa wa kawu sunan babanki."

Nabila ba ta ko ɗauke ido daga lilon ba. "Baba."

"Sunansa na yanka, ja'ira."

"Baba ne mana! Kaka, duba, waccan tana kuka a sama!"

Sharifu ya yi murmushi. Zuwaira kuwa ta riga ta harbo jirgin, ta tafa hannu. "Ayya! Ɗan fari ne ko, Iya? To ba shi da laƙabi?"

"Uban yarinyar nan dai," in ji Baturiya a ƙasa-ƙasa. "Sunan limamin garin Kwaya gare shi, wanda ya rasu."

Suka dubi juna. Ba wanda ya san limamin Kwaya, mai rai ko matacce. Zuwaira ta ɗaura ɗamarar taimako, ta fara jero sunaye kamar mai tallar kayan koli. Isufu? Mamman? Lawali? Sale? Baturiya tana girgiza kai, zufa tana bin bayanta. Wani dattijo daga can baya ya jefo Habu, wata yarinya ta ce Nasiru, abu ya zama wasa, rabin layi na dariya. Baturiya ta ji kamar ta kwashe su duka da mari. Su wasa suke, ita kuwa ƙirjinta ne ke ci da wuta.

Layi ya sake matsawa. Sun wuce mai kankana. Ita da ta yini tana tsine wa gurup, yanzu addu'a take a zuci Allah Ya kashe shi, ya daɗe bai tashi ba. Shi kuwa kamar da gangan, ya sami lafiya, yana ta ruri, lilo na sauke yara yana kwasar wasu. Ta dubi igiya, ta dubi ƙofar fita da ke ɗaya gefen, inda taro ke haɗiye duk wanda ya sauka. Ta sa hannu ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Ta gwada sunan a cikin bakinta ba tare da sauti ba, harshenta ya ƙi. Sau nawa ta faɗe shi a sujada, amma wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. A ce yau, da furfurarta, a tsakiyar Magarya, gaban maza? Da wane ido za ta dubi matan Yekuwa in labari ya je? Kuma labari zai je, tun da Zuwaira na nan.

"Ki rubuta mana, Iya," in ji wani.

"Da na yi lakwal, na iya boko, da ka gan ni nan?" ta ce masa a fusace.

Sharifu ya ga abin ya yi mata nauyi, ya ce, "Bari kawai, Inna. Allah Ya bayyana shi. Duk wanda ke can, addu'a yake bukata." Ya juya, don an zo kansu.

Mai lilo ya ɗaga igiya. "Uku! Saura wurin mutum uku! Malam, kai da yaranka, ku hau. Tsohuwa, ku sai zagaye na gaba."

Yaran suka ruga suka faɗa kwando. Sharifu ya tattare rigarsa, ya ɗora ƙafa a kan matakalar ƙarfe. Baturiya ta ga bayansa, ta ga ƙeyarsa da rana ta ƙona, ta san in ya hau ya sauka ta can, shi ke nan, sai dai ta koma Yekuwa ta ci gaba da kwana ido biyu.

"Abdulwahabu!"

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda ta yi nufi, har ya danne lasifika. Mutanen layi duk suka juyo. Nabila ta ɗago tana kallon kakarta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Sharifu ya sauke ƙafarsa. Fuskarsa ta sauya.

"Malam, ka hau ko ka ba wani!" in ji mai lilo.

"Kai, rufe mana baki!" Zuwaira ta daka masa tsawa. "Injinka ya shanya mu tun azahar ba mu ce komai ba."

Sharifu ya ɗauki Nabila cak ya sa ta a wurinsa tsakanin 'ya'yansa, ya ja ƙarfen ya rufe. Lilo ya motsa. Ya dawo ya tsaya gaban Baturiya, ya rage murya.

"Inna, Wahabu biyu na sani, duk 'yan wajen Magarya. Ba zan ɓoye miki ba. Ɗaya rami ya rufta da shi bara, da hannuna aka binne shi. Ɗayan yana nan. Ban san ƙauyen ko ɗaya ba, can ba a tambayar wannan. Naki yaya yake?"

Baturiya ta matso kusa da shi. Ta kama igiya. Sai magana ta ɓalle, kamar an fasa tulu.

"Ba dogo ba ne can. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, ƙahon rago ne ya same shi yana ƙarami. Ɗan yatsan ƙafarsa na dama ya hau kan ɗan'uwansa, shi ya sa takalmi ba ya yi masa ƙarko. Ba ya cin miyar yauƙi, sai dai ya ci tuwon gaya. In ransa ya ɓaci ba ya magana, sai ya yi ta sosa gira. In zai yi dariya yana rufe baki da bayan hannu, don yana jin kunyar wushiryarsa. Kuma yana magana cikin barci, yana korar awaki."

Zuwaira ta riƙe haɓa. Wannan ita ce matar da ta ce wani yaro ne na unguwarsu.

Sharifu ya sauke numfashi, har ya ɗan yi dariya. "Mai korar awaki! Wa ya kwana tanti ɗaya da shi bai san wannan ba? Yana raye, Inna. Wallahi yana raye, da shi na sha shayi ranar da zan taho."

Baturiya ta durƙushe nan cikin yashi, ta rufe fuska da mayafi. Ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu, kuma ba ta damu da wanda ke kallo ba. Zuwaira ta dafa kafaɗarta.

Da ta ɗan lafa ta ce, "To me ya hana shi ko kira?"

Sharifu ya sosa ƙeya. "Dutse ya faɗo masa a hannu, ya rasa yatsu biyu. Abin da ya tara duk ya tafi wajen magani, har salular. Yanzu ba ya shiga rami, dafa wa mutane abinci yake. Mun yi mun yi da shi ya biyo mu, ya ce shi ba zai shiga garinsu hannu rabbana ba, sa'o'insa sun gina gidan siminti. Ya ce gara a ɗauka ya ɓata."

"Ji sakarai," in ji Baturiya, tana share hanci. "Ji sakaran banza."

Lilo ya fara rage gudu. Daga tasha ana jin kamasho yana kiran Dungas, Dungas, saura kaɗan. Sharifu ya dubi can, ya dubi yaransa.

"Sati mai zuwa zan koma, in Allah Ya yarda. Akwai saƙo?"

Ta miƙe, ta karkaɗe zanenta. "Ka ce masa ya dawo. Ba zinari muke ci ba. Yatsu takwas sun isa riƙe hauya, in ma ba su isa ba ya zo ya zauna, ni zan noma."

"To. In ce wa ya aiko ni? Yayarsa yake yawan ambata, ko ke ce?"

Baturiya ta dubi mutanen da suka kewaye su, maza da mata, duk sun zuba mata ido. Ta ja mayafinta ta gyara shi a kafaɗa.

"Ka ce uwarsa."