Takalmin Malam Umara

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sau uku, sai shiru.

Malam Umara ya tashi zaune. A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Malam Maduri ne barci ya fara guje masa, kuma tun daga lokacin yake jin wannan ƙara gab da asuba. Ya zargi tsuntsun fadama, ya zargi kwalekwalen maƙwabcinsa Baƙo, har aljanun kogi ya zarga. Yau dai ya lallaɓa ya leƙa tsakar gida.

Matarsa ce, Saude, tsugune a gindin turmi, tana buga takalminsa sau-ciki a jikin turmin. Ta ajiye, ta ɗauki ɗayan.

"Ashe ke ce!" in ji shi. "Shekara arba'in ina ajiye takalmi a bakin ƙofa, ina tsintarsa a gindin turmi. Na ce akuya ce, kika yi shiru. Dubi yadda ɗinkinsa ya saki!"

"Malam, ka bari in..."

"Ban bari ba. Kada ki ƙara taɓa mini takalmi."

Ta dube shi, ta dubi takalmin. "To, Malam."

Daga wannan "to" ba ta ƙara ce masa komai ba. Tuwo na zuwa a kan lokaci, buta na cike, amma ba magana. Har ya ji tana gaya wa matar Baƙo cewa in ruwan ambaliya ya janye za ta tafi Auyo wajen 'yarta, ta daɗe. Abin ya ci masa rai.

Shi kuwa Umara da abu ɗaya aka san shi a unguwa: kunama ba ta taɓa harbinsa ba, ko a damina da ambaliya ke koro su cikin ɗakuna. Yakan ce albarkacin layar da kakansa ya zo da ita daga Barno ce, yana shafa ta a damtse.

A asuba ta huɗu ya tarar da takalminsa daidai inda ya ajiye. Ya yi murmushi, ya zura ƙafa.

Ihunsa ne ya tashi unguwar. Baƙo ya tsallako darni ba hula, ya same shi a ƙasa riƙe da babban yatsa, Saude na ɗaure masa ƙafa da gefen zanenta.

"Sannu, Malam! Kunama? Kai ɗin?"

Saude ta gama ɗaurin. Ta miƙa hannu wajen ɗaya takalmin, ta tsaya, ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai, ya tura mata shi da gwiwar hannu. Ta buga a turmi. A bugu na biyu wata baƙar kunama ta faɗo, ta ɗaga ƙari.

Baƙo ya take ta da dunduniyar takalminsa, ya dubi layar da ke damtsen Umara.

"To ni ban gane ba. Layar tana nan a jikinka. Me ya sauya a gidan nan?"