Karantina ta Huɗu

"Wallahi ba za a yanka ta ba," in ji Baba Ya'u, ya fizge robar iskar da ke hancinsa. "In na mutu, halas, ku ci shinkafarku gaya."

Ɗansa Majid ya kalli maƙwabcinsu Zaharadden, likitan dabbobi daga Kano, yana neman mai taya shi. Bai samu ba. Tun da aka rushe unguwarsu Karantina tsohon ya tare a benensu na unguwar Safa, Zaharadden ke kai shi garken da tsohon ya kafa a bayan gari duk Juma'a. Ya san saniyar da ake rigima a kanta.

Wata ƙungiyar masu kiwon shanun nama ce a ƙasar waje ta bar littafin rajistarta a buɗe. Saniya ko ba ta da asali, in aka yi mata barbara da bijimi mai rajista, aka yi wa 'yarta da jikarta, to tattaɓa-kunnen, in mace ce, cikakkiya za a rubuta ta, da sunan mai kiwonta a gefe. Da wata ramammiya Baba Ya'u ya fara, ya sa mata suna Karantina. Jikarta ce yanzu da tsohon ciki.

"Ya daktur, kakana da ƙafa ya zo hajji," in ji tsohon. "Nan aka haifi ubana, nan ni, nan Majid. Har gobe iƙama, takardar zaman baƙi, muke sabuntawa. Su shanu a ta huɗu ake karɓarsu!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Bayan la'asar ranar Talata ya cika.

Ranar sadakar uku Majid ya isa garken da mahauci. Ya tarar da Zaharadden tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe sarƙar da hannu biyu. Shi kuwa baƙo ne, ko igiya bai mallaka a wurin ba.

"Aibi ne, ya daktur. Mutane za su ce mun kasa."

"Su ce. Sai dai ka fara da ni."

Majid ya daɗe yana kallon cikin saniyar. Can ya juya ga mahaucin. "Yalla, tafi."

Aka ci shinkafa gaya. Dangi suka yi ta ƙunƙuni, Majid kuwa da kansa ya riƙa ajiye faranti yana kallon kowa ido cikin ido. "Wasiyyar Baba ce. Wanda bai so, ga ƙofa."

Ranar Asabar da hantsi saniyar ta haihu. Zaharadden ya ɗaga wutsiyar abin da aka haifa, ya duba, hawaye suka zubo masa.

"Mace ce."

Majid ya durƙusa cikin ciyawa da farar jallabiyarsa, ya riƙe mata kai aka maƙala lamba a kunne. Maraƙar ta miƙe tana rawar ƙafa, ta faɗi, ta sake miƙewa, ta soma tsotsar yatsansa.