Rarar Katako

Tun da suka buɗe shagon kafinta, aikin a rabe yake: Yaya shi ke awo da yanka, Bahago shi ke haɗawa. Yaya wan matar Bahago ne, kuma shi ya fara koya masa riƙon zarto.

Akwai abu ɗaya da Bahago bai taɓa faɗa ba. Duk katakon da Yaya ya yanka sai ya yi rara, kamar kaurin farce, domin hannunsa yakan kauce wa layin fensir. Bahago sai ya ɗauki katakon zuwa bayan shago, ya fere rarar, ya haɗa. Ƙofa ta zauna daidai, mai kaya ya yaba wa idon Yaya. Haka suka yi furfura tare.

Sai kafaɗar Bahago ta fara ciwo. Likita ya ce in bai daina firar katako ba, hannun zai daina ɗaguwa.

'Yarsa, wadda ta yi karatu, ta zaunar da shi. "Baba, faɗa wa Kawu za ka yi. Amma ka fara da yabo. Kada ka ce 'ka yi kuskure', ka ce 'ni ne nake shan wuya'. Kuma ku biyu kawai."

Ya haddace kamar karatu. Ran da shago ya yi shiru, ya sayo shayi kofi biyu.

"Yaya, ba a yi mai iya zaɓen katako kamarka ba."

"Kai, Bahago, me ka fasa? Rabonka da saya mini shayi tun ina neman a ba ka ƙanwata."

Bahago ya yi dariya, ya ci gaba a hankali, bai tsallake ko kalma ba. Ya yi maganar kafaɗa, sannan ya zo kan rarar.

Yaya ya ajiye kofin. Ya ɗauko katakon da ya yanka da safe, ya ɗora tef ɗin awo, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Tun yaushe, na ce."

"Tun farko, Yaya."

"Wa ya sani?"

Nan ne 'yar ba ta koya wa Bahago komai ba. Ya so ya yi ƙarya, sai ya ga ai gaskiya ya zo faɗa.

"Ƙanwarka. Da yarinyar."

"Wato in na zo gidanku ina bugun ƙirji, ku uku kuna kallona."

"Wallahi ba dariya muke ba. Girmanka muke tsarewa."

"Na gode."

Yaya bai ɗaga murya ba, har shayin ya shanye. Washegari ya zo da wuri, ya auna katako ɗaya, ya sake aunawa, ya ɗora zarto, ya sauke. Har azahar bai yanka komai ba. Da Bahago ya matso, sai ya ce, "In na yanka ka ce ya yi, ta yaya zan san ya yi?"

Bahago ya kasa gane ranar da ya cuci mutumin nan: ranar da ya fara shiru, ko ranar da ya yi magana.

Ƙarshen mako Yaya ya kwashe zartunansa a buhu. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ka gaishe da mutan gidan. Ka kula da kafaɗar."