Aljeriya a Bayan Garka

...kuma ita ba ta ce mishi ya ɗaga hannu ba. Wallahi ba ta ce ba. Sau nawa ta gaya mishi? Yaya, hannuwanka bisa gwiwa, ka dubi wayar, kada ka dubi ko'ina. To ga shi nan.

Hamdiya tana tsugune bayan rudu, rumbun zana na ajiyar albasa, wayar ƙawarta Fiddausiya a tafin hannunta, da ɗumi kamar ƙwan da anka zaro daga ƙarƙashin kaza. Sharji ya yi ja. Rubutun ba ta iya karanta shi ba, aji uku ta bar lakkol, amma ja ta san shi. La'asar ta kusa. In anka sallame, Baba da ƙanensa Baffa Yaƙubu za su zauna ƙofar maigari, kowa da tabarmarsa, kuma za a ce ina ɗiyar nan mai waya?

Rijiya ɗaya. Duk abin ga kan rijiya ɗaya... Kaka ya rasu bai bar takarda ba, garkar albasa ya bari, rijiya a tsakiya. Baffa ya ce tana cikin rabonsa. Baba ya ce ranar da Kaka ya taka iyaka da ƙafarsa Yaya Isaka na biye da shi riƙe da buta, a tambayi Isaka. In rijiya ta tahi, da mi za a ba albasa ruwa? Baffa ya ce shi murya ba ta ishe shi ba, kowa na iya maƙe murya cikin waya, fuska yake son gani. Maigari ya ce to, yaron ya aiko da bidiyo daga Aljeriya.

Daga Aljeriya!

Aljeriyar ga ta nan cikin rudu, kwance bisa buhunan wofi, tana jin numfashinsa ta cikin zana.

Lawashin albasa ta zo kwasa cikin rudu ranar. Sai ga ƙafafu biyu, takalmi ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi kuwwa — "Auta, ni na. Don Allah." Shi kaɗai ke ce mata Auta haka, da jan wutsiyar kalmar. Shekara huɗu da tahiya biɗar arziki. An kwaso su daga Aljeriya an zube a Asamaka bakin iyaka, ya tako, ya hau kamiyo, motar kaya, ya sauka Madawa, ya bi ta bayan gari kamar ɓarawo. Hannu wofi. A'a, ba wofi ba... leda ɗaya, da ƙwayar tramol a ciki. Ya ce can in ba ka sha ba, ba ka iya hawa bene da buhun siminti tun asuba. Kowa na sha, Auta. Ki ba ni kwana bakwai in warke, in shigo gida kamar mutum.

Bakwai ɗin ta haihu. Wata ya kusa cika.

Inna ta ce cikinki ya buɗe kwanan nan, Hamdiya, tuwo ba ya kwana. Goggo har ta fara kallon cikin nata ta gefen ido. Wai ita! Ita da ko mai kabu-kabu ya gaishe ta sai ƙafarta ta harɗe. Fiddausiya ma haka, duk ranar da ta je aron waya sai ta kama mata kunne: "Wane na shi, munahika? Gaya min ko in hana." Sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Gara su ce saurayi. Gara su ce komi.

Don in Baffa ya gan shi haka... a'a. Ta san abin da zai ce, har yadda zai karkace hula ta sani. Ɗan ƙwaya? Ɗan ƙwaya za ku kawo ya ba da shaida bisa ƙasar ubana? Shi ke nan. Rijiya ta tahi, Baba ya rasa inda zai sa fuskarsa, Inna kuma da ke ce ma mata wajen daka ɗana na can yana gina benaye...

Ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanenta. Ita ke riƙo. Guda a wuni, yanzu rabi, da haƙori take rabawa, ɗacin ya kwana bisa harshenta. Wani lokaci ya roƙe ta. Wani lokaci ya zage ta, ya zagi ranar da anka haihe ta, sannan ya kama ƙafarta yana kuka. Wanga mutum da ya goya ta tun daga Karofane ranar da ƙaya ta soke ta, yana ce mata buhun gero, buhun gero mai magana... Ba ta jin haushi. Tana so ta ji, ba ya zuwa.

Dabarar tata ce. Fim nawa ta kalla a wayar ga? Sai a tsai da mutum jikin bango a ce ga shi ƙasar waje, kowa ya yarda. Bayan garka akwai kangon siminti da wani ɗan Abijan ya fara bai gama ba, toka-toka, sak irin bangon da ke cikin hotunan da Yaya ke aikowa da. Ta wanke mishi riga. Ta taje mishi kai da matajin Inna. Ta ce zauna nan, a'a matsa, rana na dukan idonka. Ya dube ta ya ce, "To, Hajiya darakta." Ya yi dariya. Dariya! Har da wushiryar. Ta juya baya kamar tana gyara waya.

Bidiyo na farko, bai sha komi ba. Haɓarsa na kaɗawa, gumi na zuba, ya ce salamu alaikum sau uku bai wuce nan ba. Ta goge. Kwandon sharar waya ta san hotonsa.

Na biyu, ta ba shi rabi. Magana ta zo da gudu, ta yi yawa, yana gaida mutanen da sunka mutu tun bara. Ta goge.

Na uku ya fara kyau, sai jakin Goggo ya buɗe baki. Jakin da duk garin ya san kukansa, mai shaƙewa a ƙarshe kamar tsoho mai tari. Su biyu sunka faɗi ƙasa don dariya, tana toshe mishi baki yana toshe mata.

Na huɗu...

Ba ta san daga ina ya fito ba. Ya zauna sak. Idonsa ya tsaya. Ya gaida maigari, ya gaida Baba, ya gaida Baffa da sunansa, da ladabi. Ya ce ranar Laraba ce, bayan an cire albasa, Kaka na sanye da baƙar rigarsa mai yagaggen aljihu. Ya ce Kaka ya ce daga gindin gawo a miƙe har dutsen da ya yi kamar raƙumi a durƙushe, rijiya ta faɗo wajen babanka. Amma ko bayan raina kada a hana Yaƙubu ruwa. Har muryar Kaka ta ji a ciki, har yadda yake tsayawa ya haɗiye yawu. Yaya ne. Yayanta, wanda ya tahi, shi ne zaune jikin bangon.

Sai ya juya. Ya ɗaga hannu. "Ga gawon can."

Ita kuma... ita kuma, wawuya, jaka, ta bi hannun. Da wayar ta bi shi. Yo in babba ya nuna maka abu ba dubawa kake ba? Ga gawo. Ga rijiya da gugarta. Ga motopompin Baffa, injin ban ruwansa shuɗi, da tsumman da yake rufe shi. Duk sun shiga. Aljeriya da motopompin Baffa a ciki.

Ana yankewa, ta san ana yankewa, mijin Fiddausiya ya iya. Yana Abijan. Wa za ta kai ma? Yaran mai shagon sharjin waya? Kafin magariba gari ya ɗauka. A sake wani? Da wane ƙarfi? Yana gamawa ya yi amai bakin kangon, da ƙyar ta jawo shi zuwa rudu, nauyinsa duk bisa kafaɗarta, kuma ba nauyin kirki, ƙashi ne.

In ta goge, ba shaida. In ta kai, sun san yana nan. Su zo su buɗe rudu, su ga idon, su ga ramar... ko kuwa su ga na cikin wayar tukuna? Wanne za su yarda da shi? Wanne ne ma shi? Baffa zai ji an ce kada a hana shi ruwa, gaban mutane, da muryar ubansa. Zai karkace hular? Inna... wayyo Inna. Wata guda ɗanta na kwana bisa buhu, ɗiyarta na satar mata tuwo.

Ga ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Tsaya. Kafin ya kwanta ai ya ce ta ba shi ya gani. Ya kalla tun daga farko, ya kalli hannunsa yana tashi, ya kalli gawon. Ta zuba mishi ido tana jiran ya ce goge, Auta, goge maza. Bai ce ba. Ya miƙo mata wayar ya ce, "Ya yi." Ya juya fuska ga zana.

Ya yi?

Shi da ya ƙetare hamada bai bari kowa ya gan shi ba... shi ne zai manta inda yake zaune? Ya san za ta bi hannun. Tun tana rarrafe take bin hannun nan.

Yaya, da gangan ka yi? Ka gaji ne? Ka kasa shiga da ƙafarka shi ne ka ce in ɗauke ka in kai?

Ba ta tambaya ba. Ta miƙe, ƙafafun sun mutu don tsuguno, ta dafa zana. Ciki shiru, amma ba shirun barci ba. Yana saurare ya ji ta wace hanya takunta zai bi, ta gida ko ta ƙofar maigari.